Yadda Ake Nuna Kurwa da Cinikin Shaiɗan a Fim ɗin Tsoro

Kyamara ba ta ganin rai. Tana ganin fuska, tana ganin kuɗi, tana ganin jini, amma abin da aka ce jarumin ya sayar ba shi da launi, ba shi da siffa. Wannan ce ta sa yawancin finafinan kuɗin tsafi da ake yi a nan Kumasi suke fakewa da jan ƙyalle, da ƙoƙon kai na roba, da wani ƙato mai farin alli a fuska yana ɓaɓɓaka dariya. Mai kallo a unguwannin Aboabo ko Asawase ya ga wannan har ya gaji, yanzu ma dariya yake ba shi. Aikin da ke gabanka biyu ne. Ka samo abu guda da ido zai iya bi, wanda zai tsaya a madadin ran jarumin. Sannan ka gina cinikin yadda duk wanda ya taɓa tayi a kasuwar Kejetia zai ji cewa ciniki ne na gaske, mai farashi, mai wa'adi, mai ranar biya.

Tantance abin da ake sayarwa

Hausa tana da kalmomi uku da marubuta ke cakuɗawa: rai, ruhi, da kurwa. Rai shi ne wanda in ya fita sai likkafani. Ruhi kuwa Alƙur'ani ya rufe zancensa a Suratul Isra'i aya ta 85, cewa yana daga al'amarin Ubangiji, don haka kada ka ce za ka zana shi da hayaƙi ko wani farin haske mai tashi sama, malamai za su yi maka ca, kuma da gaskiyarsu. Kurwa ita ce taka. A tsohon zancen Hausawa, maye yana kama kurwar mutum ya ɓoye, shi kuma mutumin yana nan da ransa, yana ci yana sha, amma yana ramewa, yana zabura cikin barci, idonsa ya yi fayau. Wato ana iya raba mutum da ita bai mutu ba, kuma ana iya dawo da ita. Labarin minti casa'in yana buƙatar daidai irin wannan: abin da ke tafiya a hankali kuma akwai fatan ƙwato shi. Maƙwabtanmu Asante ma sun bambanta okra da sunsum da mogya, wato sassan da suke ganin sun haɗu sun zama mutum, saboda haka in ka sa fassarar harshensu na Twi a ƙasan hoto, tunanin ba zai zame musu baƙo ba, sai dai ka zauna da wanda ya iya harshen sosai ku tsayar da kalma guda, kada ta riƙa canzawa daga fitowa zuwa fitowa.

Sai maganar mai saye. A wajen Turawa cinikin takarda ce. A wasan kwaikwayon Marlowe na Ingila, Dakta Faustus ya sa hannu da jininsa, ya karɓi shekara 24 na biyan buƙata, da wa'adi ya cika aka zo aka tafi da shi. Can Shaiɗan ɗan kasuwa ne mai cika alƙawari, mugunta ce kawai a farashinsa. Mai kallonmu ba haka ya san shi ba. A Suratu Ibrahim aya ta 22, shi da bakinsa yake cewa ya yi alƙawari ya saɓa, ba shi da wani iko a kan mutane face ya kira sun amsa, kada su zarge shi, su zargi kansu. Ashe ɗan damfara ne, yana sayen abin da ba zai iya mallaka ba, yana biya da abin da ba nasa ba. In ka kwaikwayi takarda da alƙalamin jini, ka ɗauko tsoron wasu. In ka gina labarin a kan damfara, inda mai kallo ya gane tun da wuri cewa jarumin zai iya juyawa amma an sa ya yarda ƙofa ta rufe, ka taɓa abin da mutanenmu ke tsoro da gaske. Ƙissar Barsisa, mai ibadar da Shaiɗan ya yaudara har ya yi masa sujada, wadda masu tafsiri ke kawowa a ƙarƙashin aya ta 16 ta Suratul Hashri ita ce ma'aunin: ba a nemi sujada a ranar farko ba, sai da aka bi da shi mataki-mataki har ya ga ba shi da sauran mafita.

Gina cinikin

Kafin ka rubuta fitowa ko ɗaya, rubuta amsar tambayoyi huɗu a takarda guda ka manna a bango: me aka ba shi, me aka karɓa, yaushe wa'adi, mene ne sharaɗin da in ya karya komai ya rushe. Duk fim ɗin da ya rikice a tsakiya, in ka bincika, ɗaya daga cikin huɗun nan ce ba a tsayar ba. Zinabu, wanda William Akuffo ya yi a 1987 da kyamarar bidiyo, fim ɗin da ake lissafawa a farkon finafinan bidiyo na Ghana, ya tsaya ne a kan sharaɗi guda: wata mayya mai suna Zinabu za ta arzuta matalaucin makanike muddin bai kusanci mace ba. (Ba mu manta cewa mayyar wannan fim sunan matanmu aka laƙaba mata ba, wannan kuma wani dalili ne na mu riƙa ba da labarin da kanmu.) Living in Bondage na Najeriya, 1992, farashinsa matar jarumin ce. Kowannensu za ka iya faɗin cinikinsa a numfashi ɗaya.

Abin da aka karɓa ya kamata ya yi kama da araha a ranar ciniki. Ga misali da za mu bi har ƙarshe. Awudu yaron gareji ne a Suame, bashi ya yi masa katutu, mahaifiyarsa na kwance. Wani dattijo mai tsabta yana zaune a bakin rumfar da kowa ya san an daɗe da rufe ta.

"Baba, an ce kana taimakon mutane."

"Ni saye nake yi, ɗana. Me ka kawo?"

"Ba ni da komai."

"Kowa yana da abin da ba ya amfani da shi. Asubarka fa? Na ga ba kullum kake tashi ba."

"Asuba kuma? Ana sayar da asuba?"

"In ka sallama."

Ka lura da kalmar ƙarshe. A kasuwarmu ciniki ba ya faɗawa sai mai kaya ya ce ya sallama, in tayi bai yi masa ba ya ce albarka. Ka sa Awudu ya ce albarka sau biyu, dattijon ya ƙara, a na uku ya sallama. Mai kallo zai riƙa ce masa a zuci kada ka faɗa, kuma wannan jan rai ya fi kowace ƙara da za ka saka. Kuɗin farko kafin alƙalami ne, sauran suna zuwa kowane mako. Daga ranar Awudu ba ya iya farkawa tsakanin kiran assalatu da fitowar rana, ko da an kwara masa ruwa. Da farko salla ce ta tafi. Daga baya sai duk abin da ke faruwa da asuba: mahaifiyarsa ta kira sunansa a daren da jikinta ya tsananta, bai ji ba. Can tsakiyar fim sai ya fara tashi da laka a ƙafa, bai san inda jikinsa ya je ba a sa'o'in da ya sayar. Cin bashi da daɗi, biya da wuya, kuma kashi biyu cikin uku na fim ɗinka biyan ne.

Dattijon nan kada ka sa masa ƙaho, ko jan ido, ko murya mai amsa-kuwwa. Ba shi farar riga mai guga da ladabin magana. Alamominsa ƙanana ne, irin waɗanda ɗan makarantar allo zai tsinta da kansa: ba ya amsa sallama sai dai ya ce "sannu", yana karɓa da hagu, yana ci da hagu, kamar yadda hadisin Muslim ya siffanta Shaiɗan, kuma duk tsawon fim sunan Allah bai taɓa fita daga bakinsa ba, wanda a zancen Bahaushe abu ne mai wuya, sai marubuci ya bi layi-layi ya tsince "wallahi" da "in sha Allahu" da "madalla". Kada wani a fim ɗin ya yi bayanin waɗannan. Mai kallo ya gano su da kansa.

Abin da zai tsaya a madadin kurwa

Masu fim sun daɗe suna wannan dabara. A fim ɗin Jamus na 1913, Der Student von Prag, ɗalibin ya sayar da hotonsa na cikin madubi. A The Devil and Daniel Webster na Amurka, 1941, ran wani marowaci ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne irin na dare a cikin hankici. A Angel Heart na 1987 dafaffen ƙwai ne, mai sayen ya ɓare ya cinye a gaban jarumin. Darasin da ke ciki shi ne ƙanƙanta: abu ne da zai shiga tafin hannu, mai saurin lalacewa.

A Kumasi ba sai ka yi nisa ba. Goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan tun zamanin fataucin Gonja da kasuwar Salaga, da shi ake ɗaurin aure, da shi ake raɗin suna, kuma yana rabuwa ɓari biyu da kansa. Dattijon ya ɓare farin goro, ya ba Awudu ɓari, ya jefa ɗayan a aljihu. Shi ke nan an ƙulla. Ɓarin Awudu yana bushewa yadda shi ma yake bushewa, na dattijon kuwa kullum ɗanye shar, kamar yanzu aka fitar da shi daga huhu.

Ga yadda ake shirya shi. Sayi farin goro guda 50 masu girma ɗaya, ka zaɓa da hannunka, ka guji mai sankara. Kwana 14 kafin fara ɗauka, ka riƙa ɓare guda huɗu duk bayan kwana biyu kana shanyawa a inuwa, kowane rukuni a ledarsa da lamba. Ranar ɗauka kana da matakai bakwai, daga mai kwana biyu zuwa wanda ya yamutse ya yi baƙi-baƙi ya ƙandare. Sauran ka naɗe su a ganyen fita ko jiƙaƙƙen tsumma, ana yayyafa ruwa, su ne na dattijon. Inda ake samun matsala: farin goro yana rinewa cikin mintuna kaɗan da ɓarewa, balle a ƙarƙashin fitila mai zafi, don haka duk maimaici sai sabon goro, kuma a ɓare shi bayan an gama saita haske. Matsala ta biyu, ba a ɗaukar fim bi da bi, fitowa ta 40 tana iya riga ta 6. Mai kula da kayan wasa ya rubuta lambar goron a gefen kowace fitowa a takardar labari, in ba haka ba goron zai bushe ya sake ɗanyancewa a idon mai kallo. A nuna shi kusa-kusa sau biyar ko shida kawai a duk fim ɗin, a wuri ɗaya, da haske ɗaya, don bambancin ya fito.

In kana son abu na biyu, ya zama na cinikin ne, ba na kurwar ba. Hadisin Bukhari da Muslim ya ce Shaiɗan yana ƙulla ƙulli uku a ƙeyar mai barci, ambaton Allah ya kwance ɗaya, alwala ta kwance na biyu, salla ta kwance na uku. Baƙin zare mai ƙulli uku da Awudu ke tsinta a ƙarƙashin matashinsa ya ishe ka, kuma ya ba ka tsarin ƙarshen fim kyauta. Daga nan ka tsaya. Goro da zare da madubi da kyandir da baƙar kaza duk a fim ɗaya tarkace ne, mai kallo ba zai san wanda zai bi ba.

Aikin kyamara

Dabara mafi araha kuma mafi ƙarfi ita ce ƙyallin ido. Ɗan farin ɗigon da kake gani a ƙwayar idon mutum a hoto hasken fitila ne ke dawowa, kuma shi ke sa fuska ta yi kama da mai rai. Kafin ciniki, ka ɗaura ƙaramar fitila mara ƙarfi ko farin kwali dab da saman kyamara duk lokacin da za a ɗauki fuskar Awudu. Bayan ya sallama, ka cire, ka ɗaga babbar fitilar sama ka ɗan tura ta gefe har ƙyallin ya ɓace. Dattijon kuwa ba ya samun ƙyallin ko sau ɗaya. Mutane ba za su iya faɗin abin da ya canza ba, za su dai ce idon yaron nan ya mutu. Ka duba allon kyamara da kyau a kowace ɗauka, domin taga ko farin bango na iya dawo da ƙyallin ba ka sani ba.

Inuwar da ta ɓace, ko wadda ke motsi ita kaɗai, tana buƙatar abu uku: ƙafar kyamara da ba ta motsi, fitila guda ɗaya mai kaifin haske, da bango mara tarkace. Tsayar da jarumin kamar mita ɗaya da rabi daga bango, fitilar a gefe, yadda jikinsa zai kasance a rabin hoto, inuwarsa a ɗaya rabin, ba su taɓa juna ba. Yanke hoton daga gwiwa zuwa sama, domin wajen ƙafa ne inuwa ke haɗuwa da jiki, kuma nan ne aikin ke tonuwa. Ɗauki fitowar yadda take. Sannan, ba tare da an taɓa komai ba, jarumin ya fita a ɗauki bangon shi kaɗai na daƙiƙa 20. In inuwa mai motsi kake so, ya koma ya yi wani motsin daban, misali ya juya kai a hankali. Wajen tacewa, a manhajar DaVinci Resolve ko CapCut, ka ɗora hotunan biyu ka raba su da layi mai laushin baki a tsakiya. Haka ake yin madubin da ba ya nuna mutum. Abin da ke ɓata shi: wani ya yi tuntuɓe da ƙafar kyamara, labule ya motsa, ko an bar kyamara tana daidaita haske da kanta, sai rabin hoton ya fi rabi haske. Kulle haske, kulle launi, kulle fokas, ka sa tef a ƙasa a zagaye ƙafafun kyamarar. Kada ka yi wannan da hasken rana, tana tafiya, minti biyar ya isa ya raba maka hotunan.

Wutar Ghana tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, don haka ka ɗauka a hoto 25 a daƙiƙa, shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske a kowane hoto, a 1/50 na daƙiƙa. Wayoyi da yawa suna zuwa a saite a 30, shi ya sa kake ganin baƙaƙen layuka suna gangarowa a ƙarƙashin ƙwan fitila mai araha. Manhajar Blackmagic Camera kyauta ce kuma tana barin ka kulle waɗannan. In janareta kuke amfani da shi saboda ɗauke wuta, gwada ɗauka ta minti ɗaya tukuna, domin ƙaramin janareta ba ya riƙe bugunsa daidai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka cewa fim ɗin tsoro duhu ne, sai a kashe fitilu. Sakamakon shi ne hoto mai yashi-yashi da fuskokin da ba a gani sai haƙora. Baƙar fata tana fitowa ne da sheƙi: shafa ɗan man kaɗanya kaɗan a goshi da kumatu, sa fitila a baya ta zana gefen fuska da kafaɗa, ka haska farin zani ko kwali daga gaba ya dawo da haske mai laushi. Ɗauka da haske isasshe, ka rage shi wajen tacewa. Rage haske ba ya ɓata hoto, ƙara shi ne ke ɓatawa.

Fitowar asuba kuwa, a ɗauke ta da almuru, ya fi sauƙin tara mutane. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara a nan, kuma shuɗin hasken da ke biyo baya bai fi minti 15 zuwa 20 ba, saboda haka a gama gwaji tun la'asar. Ka tuna da almuru duhu ke ƙaruwa, da asuba haske, sai ka fara da hoton ƙarshe ka koma na farko. Hayaƙi, in kana buƙata, turaren wuta a kasko ya isa, amma ba ya fitowa sai an haska shi daga baya a kan bango mai duhu, kuma a kashe fanka.

Sauti

Rabin tsoron a kunne yake. Zango, unguwarmu ta Hausawa, ba ya shiru: rediyo, awaki, masu talla, babura, yara. Yi amfani da wannan. Duk lokacin da dattijon zai bayyana, ka janye hayaniyar unguwa cikin daƙiƙa biyu ko uku, a bar numfashin Awudu kawai. Bayan sau biyu mai kallo ya koyi dokar, a na uku kana janye sautin gabansa zai faɗi tun bai ga kowa ba. Don wannan ya yiwu, sai an naɗi muryoyi da makirufo kusa da baki, an kuma naɗi hayaniyar kowane wuri daban, minti ɗaya cur kowa ya yi tsit. Kiran salla ma haka: kafin ciniki a ji shi tangaran, bayan ciniki a yanke masa kaifi ya koma kamar daga ƙarƙashin ruwa. Nemi izinin ladanin kafin ka naɗi muryarsa, kuma kada ka ɗora kiɗa a kai. Yawancin masu kallonka a waya za su gani, lasifikar waya kuwa ba ta fitar da gurnani mai zurfi, don haka duk sautin tsoron da ka saka ka saurare shi a ƙaramar waya kafin ka amince da shi.

Jini da kuɗi

Labarin asuba ba ya buƙatar jini da yawa, amma in za a yi: kofi ɗaya na ruwan gulukos mai kauri da masu kek ke saye, babban cokali biyu na ruwa, babban cokali ɗaya na jar kalar abinci, ɗigo biyu na shuɗiya, da cokalin shayi ɗaya na garin koko, na cakulan ba na karin kumallo ba. In ya yi ruwan hoda, koko ya yi kaɗan. In ya koma shunayya, shuɗin ya yi yawa, kuma wannan ne dalilin da zoɓo ba ya yi, launinsa na fallasa shi. Kada a haska shi da jar fitila, ɓacewa yake yi. Yana tara kiyashi da ƙuda, yana kuma kama farin yadi, don haka a tanadi riga uku iri ɗaya.

Kuɗi kuma, kada ka kai takardar sidi, kuɗin Ghana, wajen mai buga takardu, doka ta hana kwaikwayonta. Yanka farar takarda daidai girmanta, ka ɗan shafa wa gefunan ruwan shayi, ka sa ta gaske ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka ɗaure da roba. Mutum ɗaya ne zai ƙirga kafin ɗauka da bayanta.

Inda ake jawo wa kai rigima

Kada takarda mai ayar Alƙur'ani, ko allo mai rubutu, ko hatimi na gaske ya shiga wurin tsafi a fim. Ƙirƙiri zanen da ba ya nufin komai. Kada ka sa ɗan wasa ya furta kalmar kafirci ko ya kai goshinsa ƙasa ga wani, yawancinsu ba za su yarda ba, kuma ba ka buƙata: nuna gwiwa tana lanƙwashewa, ka yanke zuwa fuskar dattijon. Kada a yanka dabba don kyamara. Kafin ka kafa fitila a lungu da dare, ka gaida sarkin unguwa da liman ka faɗa musu abin da ake yi, in ba haka ba gari na wayewa za a ce an ga masu tsafi a bayan gidan wane. Maƙabarta kuwa a bar ta, bangon kango da tudun ƙasa biyu sun wadatar.

Akwai kuma nauyin da ya fi waɗannan. Kalmar sakawa, wato damfarar intanet da ake haɗawa da tsafi, wadda ake dangantawa da harshenmu, ta riga ta manne wa samarin zango, kuma a Afrilun 2021 wasu matasa biyu a Kasoa sun kashe ƙaramin yaro saboda neman kuɗin tsafi. Fim ɗin da ya jera kayan haɗi dalla-dalla, ya nuna kuɗi na zubowa daga akwati, ya kwashe awa guda a kan motoci da 'yan mata sannan ya ba azaba minti biyar, talla ya yi. A misalinmu ba a ga tsafi ko ɗaya ba, kuma ana iya barin mai kallo da zargin cewa kuɗin daga abin da jikin Awudu ke aikatawa da asuba suke fitowa, wato dattijon bai taɓa ba shi ko sisi daga aljihunsa ba. In za a haska fim ɗin a bainar jama'a, dokar fim ta 2016, mai lamba 935, ta ɗora wa Hukumar Fim ta Ƙasa tantance shi da sa masa shekarun masu kallo, sai a sa wannan a lissafin lokaci da kuɗi tun farko.

Fitowar ƙarshe

Ƙarshen da aka saba, malam ya faɗo daga sama saura minti biyar, ya nuna carbi, wuta ta fita, dattijo ya narke, yana zubar da duk abin da ka gina. In malam zai yi aiki a ƙarshe, a gan shi tun minti goma na farko, kuma aikinsa ya tsaya a faɗa wa Awudu abu guda: cinikin ƙarya ne, ba a taɓa mallakar asubarsa ba, ƙofar tuba a buɗe take muddin bai kai gargara ba. Sauran aikin na Awudu ne, shi kaɗai a ɗaki, jikinsa kamar an danne da dutse, ladan na kira can ƙasa-ƙasa. Ƙulli uku, hoto uku: leɓensa yana motsi da ƙyar, hannunsa ya kai ga buta, goshinsa ya taɓa tabarma. Da kowane ƙulli ka ɗan buɗe sautin kiran sallar, a na uku ka mayar da ƙaramar fitilar saman kyamara, ƙyallin ido ya dawo. Abin da ya tafi a cikin biyan bashin kuwa ya tafi, gadon mahaifiyarsa a naɗe yake. Don hoton rufewa, ajiye kyamara a tsallaken titi daidai inda ka ajiye ta a fitowar farko, tsayi ɗaya, gilashin kyamara ɗaya, dattijon a bakin rumfarsa yana ɓare sabon goro, wani yaron kuma yana rage tafiya. Ɗauki wannan hoton rana ɗaya da na farkon, domin ba za ka sake samun hasken da wurin daidai ba bayan mako uku.